Tambaya: wace riba ke cikin feɗe kwaɗo a darasin bayoloji?

Baban Khadija, Agege, ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Tambayata tana zuwa ne ga waɗanda Allah ya hore wa ilimin kimiyya a cikinmu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan lafiya. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, burinta kuma shi ne ta karanta likitanci. Malaminsu na bayoloji ya umarci kowane ɗalibi ya kamo kwaɗo guda ya kai makaranta, domin a feɗe shi a ga abin da ke cikinsa. Samun kwaɗon ba abin wahala ba ne, domin tun da ruwan watan Yuni ya kankama, kukansu a lambatun unguwarmu ba ya barin mutum ya runtsa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yarinyar da za ta duba mutane, mene ne haɗinta da cikin kwaɗo? Akwai wata kama ta gaskiya tsakanin jikinsa da namu, ko kuwa arharsa ce kawai ta sa makarantu suka maƙale masa? Bayan haka, na san hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sanya kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Ajin nasu yana da yawa, kuma zuciyata ba ta kwanta da a ce an kashe kwaɗi masu yawa haka a yini guda ba, sai idan akwai wata fa'ida da ba za a same ta ta wata hanya ba. Ina roƙon a warware mini.

Malamin Bayoloji, Obalende, ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Baban Khadija. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya cika mata burinta. Arhar kwaɗo tana cikin lissafi, babu musu, amma ba ita ce babban dalili ba. Kwaɗo dabba ne mai ƙashin baya kamar mu, kuma idan aka kwantar da shi rigingine aka tsaga fatar cikinsa, kayan cikin da ɗalibi zai gani su ne waɗanda zai tarar a jikin mutum, kusan a wurare iri ɗaya. Abin da ke fara tare ido shi ne hanta, ja mai duhu, mai ɓangare uku, wadda ta rufe yawancin saman cikin, kuma idan aka ɗaga ta sai a ga 'yar jakar matsarmama koriya a ƙarƙashinta. Zuciya tana sama da hantar, huhu biyu suna gefe da gefe, tumbi ya lanƙwasa ya zarce zuwa hanji, ga saifa ƙarama, ga ƙoda biyu manne da gadon baya. A saman ƙodar akwai wasu zaruruwan kitse masu launin ɗorawa, su ne guzurin da kwaɗo ke ci idan ya ɓuya cikin ƙasa da rani. Idan mace ce kuma da damina, ƙwai baƙaƙe masu ratsin fari sukan cika cikin har su rufe komai.

A ganina, inda ya bambanta da mu ya fi inda ya yi kama da mu ilmantarwa. Zuciyar mutum ɗaki huɗu ce, ta kwaɗo ɗaki uku: biyu a sama masu karɓar jini, ɗaya a ƙasa mai tura shi. Wannan yana nufin jinin da ya dawo daga huhu ɗauke da iska da wanda ya dawo daga jiki suna haɗuwa a ɗaki guda, sai dai ba sa cakuɗewa sosai, domin bangon ɗakin cike yake da ƙananan lunguna, kuma a bakin mafitar akwai wani murɗaɗɗen tantani da ke raba musu hanya. Ɗalibin da ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa jaririn da aka haifa da huda a bangon zuciya yake shan wahala, tun da shi jikinsa ba a shirya shi don irin wannan tsari ba.

Numfashinsa ma abin dubawa ne. Mafi yawan kwaɗi ba su da haƙarƙari, ba su kuma da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki wanda muke jan iska da shi. Saboda haka kwaɗo yakan shaƙo iska ta hanci ya cika baki, ya toshe hancin, sannan ya ɗaga ƙasan bakin ya tura ta huhu, tamkar yadda maƙeri ke zuga wuta da zugazugi. Motsin da ake gani a maƙogwaronsa idan yana zaune, aikin ke nan. Huhun kuwa ba shi kaɗai ke aikin ba, domin fatar kwaɗo sirara ce, mai danshi, cike da ƙananan jijiyoyin jini, kuma ta cikinta iska ke shiga tana fita. Ruwa ma ba da baki yake sha ba: wani yanki na fatar mararsa da cinyoyinsa ne ke tsotse shi idan ya zauna a wuri mai laima.

Harshensa a gaban baki yake manne, ba a baya ba, shi ya sa yake iya cilla shi waje ya kamo ƙwaro. Idan zai haɗiye, idanunsa sukan nutsa ciki su taimaka wajen danna abincin. Kunnensa faifan fata ne a bayan ido. Ƙasusuwa biyu na ƙwauri da muke da su, a wurinsa sun haɗe sun zama ɗaya, na idon sawu kuma sun yi tsawo, abin da ya ba shi ƙarfin tsalle. Jajayen ƙwayoyin jininsa manya ne, kowace da cibiyarta a tsakiya, alhali namu sukan zubar da tasu kafin su shiga jini, don haka sun fi sauƙin gani a madubin ƙara girma. Ta huhun kwaɗo ne ma Marcello Malpighi na Italiya ya fara ganin siraran jijiyoyin da ke sada masu kai jini da masu dawo da shi, a 1661, abin da William Harvey ya bar duniya bai gani da idonsa ba duk da shi ne ya bayyana zagayawar jini a 1628.

Gargaɗi ɗaya: kwaɗon tudu mai kaushin fata, wanda shi yara suka fi kamowa, yana da kumburi biyu a bayan idanu masu fitar da farin ruwa mai dafi. A sa safar hannu ko leda, a wanke hannu, kada a taɓa ido.

Maman Sadiƙ, ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba, ta rubuta:

Malam ya yi bayanin jiki, Allah ya saka masa da alheri. Ni kuma, Baban Khadija, zan nuna maka kwaɗo a wurin da ba ka zata ba, wato a jikin ƙarfen da muke rataya ledar ƙarin ruwa. Idan ka taɓa jinyar wanda ya yi amai da gudawa, ko ya ƙone, ko aka yi masa tiyata, da wuya ba ka ga leda mai ɗauke da sunan Ringer ba. Sydney Ringer likita ne a Landan wanda a farkon shekarun 1880 yake neman ruwan da zai riƙe zuciyar kwaɗo tana bugawa bayan an cire ta daga jiki. Mai taimaka masa ya haɗa ruwan gishirin da ruwan famfo maimakon tataccen ruwa, sai zuciyar ta daɗe tana bugawa. Da Ringer ya koma ga tataccen ruwa sai ta yi rauni ta tsaya, da ya bi diddigi kuma sai ya gano cewa ɗan sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan famfon shi ne sirrin, kuma dole a daidaita shi da fotasiyam. Ya wallafa wannan a 1883. Daga baya, a shekarun 1930, wani likitan yara a Amurka mai suna Alexis Hartmann ya ƙara wa haɗin wani sinadari, shi ne ruwan da muke ɗaura wa majinyata har yau.

Dalilin da ya sa irin wannan gwaji ya yiwu a kan kwaɗo shi ne, zafin jikinsa yana bin na wurin da yake, sassan jikinsa ba su da yunwar iska irin ta namu, don haka zuciyarsa ko tsokar ƙafarsa da jijiyarta sukan yi sa'o'i suna aiki a kan teburi matuƙar ana jiƙa su. Zuciyar ɓera ba za ta yi wannan haƙuri ba sai an haɗa mata na'urorin ɗumi da iska. Da ƙafar kwaɗo Luigi Galvani ya nuna, a littafinsa na 1791, cewa lantarki yana motsa tsoka, kuma gardamar da ta biyo baya tsakaninsa da Alessandro Volta ce ta haifar da batir na farko a 1800. Da jijiyar kwaɗo Hermann von Helmholtz ya auna saurin saƙon jijiya a 1850, ya tarar bai wuce 'yan gomiyoyin mita a sakan guda ba, alhali a da ana ɗauka ya fi ƙarfin aunawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Otto Loewi a Ostiriya, a 1921. Ya ajiye zukatan kwaɗi biyu, kowace a ruwanta. Ya tsokani jijiyar da ke rage bugun ta farko, ta lafa, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa jijiyarta ba, ita ma ta lafa. Da haka aka tabbatar cewa jijiya wani sinadari take saki don isar da saƙo, kuma ya sami lambar yabo ta Nobel a 1936 tare da Henry Dale. Magungunan da masu sa barci ke ba majinyaci don tsokarsa ta saki a ɗakin tiyata, a kan wannan sinadari suke aiki.

Akwai kuma gwajin juna biyu. Daga shekarun 1930 zuwa na 1960, a ƙasashe da dama, fitsarin mace ake yi wa macen wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka allura da shi a ƙarƙashin fatar baya. Idan akwai ciki, sinadarin da ke cikin fitsarin zai sa ta zuba ƙwai cikin kwana guda. Gwaje-gwajen da suka gabace shi, na ɓera da na zomo, sai an kashe dabbar an duba cikinta, amma ita wannan a kan mai da ita ruwa ta huta, a sake amfani da ita.

Alhaji Mai Albasa, Mil 12, ya rubuta:

Na ƙaru ƙwarai da bayanan Malam da Hajiya, amma ina tare da Baban Khadija a kan damuwarsa. Hukuncin hadisin na malamai ne, su ya kamata a kai wa, sai dai ko ba a kai can ba, hankali ma ya nuna cewa abin da mutum guda zai nuna wa aji, ba sai kowane yaro ya kashe nasa ba. Mu da muke harkar kaya daga Arewa muna ganin buhunan busasshen burduddugi da ake saukewa a kasuwannin Kudu don masu cinsa, kuma wanda ya san fadamun garinsu a da, ya san kukan dare ya ragu a wasu wurare. Kwaɗo yana cin ƙwarin da ke ɓata shuka. Idan an haɗa masu kamawa don kasuwa, da maganin feshin da ke gangarawa fadama, da gine-ginen da ke cinye dausayin Legas, sannan makarantu ma suka shigo, ina za a kai?

Ɗalibar Akoka ta rubuta:

Ina gaida iyayena da malamaina na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin ilimin dabbobi, kuma ina so in ƙara da cewa a binciken zamani, darajar kwaɗo ta tashi daga cikinsa ta koma kan ƙwansa. Kwaɗon da Mama ta ambata, wanda masana ke kira Xenopus laevis, idan aka yi wa macensa allurar wannan sinadari na masu juna biyu, takan zuba ɗaruruwan ƙwai a kowane lokaci na shekara. Faɗin kowane ƙwai ya ɗan haura milimita 1, wato ya ninka na mace 'yar Adam kusan sau goma, kuma a waje yake girma, ba a cikin mahaifa ba. Kimanin sa'a ɗaya da rabi bayan ya haɗu da maniyyi zai rabu biyu, sannan huɗu, sannan takwas, a gaban idon mai kallo, kuma cikin kimanin kwana 2 zuciya ta fara bugawa. Abin da ke ɓoye a cikin mahaifar mace, wanda ba a da ikon taɓawa, ga shi a fili cikin faranti.

Da irin wannan ƙwai John Gurdon ya yi aikinsa a Oxford, wanda ya wallafa a 1962. Tambayar da ake yi a lokacin ita ce, ƙwayar halittar da ta riga ta zama ta hanji ko ta fata, ta zubar da sauran bayanan gadon da ba ta buƙata ne, ko tana riƙe da su duka? Ya lalata cibiyar ƙwai, wato ma'ajiyar bayanan gadonsa, ya ɗauko cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo ya dasa a madadinta. Daga cikin ƙwai 726, guda 10 ne kacal suka kai ga zama 'ya'yan kwaɗi masu iyo da cin abinci, amma goman nan sun isa hujja cewa bayanan suna nan cif. A kan wannan harsashi aka samar da tunkiyar nan Dolly daga ƙwayar jikin wata tunkiya, ba tare da barbara ba, a 1996, kuma Gurdon ya karɓi lambar Nobel a 2012 tare da Shinya Yamanaka na Japan, wanda ya gano yadda ake mai da ƙwayar fata ta koma ƙwayar asali mai iya zama kowace iri.

Abin da ya kamata mu 'yan Najeriya mu sani shi ne, ƙanin wannan kwaɗo, Xenopus tropicalis, ɗan dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, kuma shi ne kwaɗo na farko da aka karanta dukan bayanan gadonsa, a 2010, daga wata zuriya da asalinta daga Najeriya aka ɗauko ta. An fifita shi ne saboda tsarin gadonsa ya fi sauƙi, kuma yakan balaga cikin 'yan watanni, alhali babban yakan kai shekara ko fiye. An tarar kusan kashi 79 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka san suna da hannu a cututtukan ɗan Adam suna da takwarorinsu a jikinsa, don haka ake amfani da shi wajen nazarin nakasar zuciya da ta ƙoda da ake haihuwar jarirai da su. Abin takaici a ganina shi ne, dabbar tamu ce, amma manyan cibiyoyin kiwonta don bincike suna Amurka da Ingila da Japan.

Ba na cewa wannan bincike ba ya cutar da ko kwaɗo guda, domin wani lokaci sai an sa wa mace maganin barci an yi mata ƙaramar tiyata kafin a sami ƙwan da bai nuna ba, namijin ma sau da yawa a kan rasa shi. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin wannan da aika yara su kwashe lambatu. Maganar Alhaji tana da tushe: ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, wanda ya fi na tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa. Wata cuta dangin fumfuna tana kama fatarsu, ta hana ta tsotsar gishirin sodiyam da fotasiyam, har zuciya ta tsaya, wato dai sinadaran da Ringer ya yi ta aunawa. Binciken 2019 ya danganta ta da raguwar jinsuna 501, kuma ana jin 90 daga ciki sun ƙare. A Indiya, hukumar kula da jami'o'i ta hana fiɗar dabbobi a darussan ilimin dabbobi tun 2014. Da izinin Malam, ni ina ganin a matakin sakandare hoton bidiyo da mutum-mutumin roba sun wadatar.

Malamin Bayoloji, Obalende, ya sake rubutawa:

'Yata ta Akoka, Allah ya ƙara basira. Ban yarda bidiyo ya wadatar ɗungurungum ba, domin wanda bai taɓa ɗaga hanta da ɗan ƙarfe ya nemo matsarmama da kansa ba, bai san yadda sassan jiki ke manne da juna ba, kuma hoto ba ya nuna wannan. Amma kwaɗo guda, wanda malami ya gusar wa hankali da magani kafin ya taɓa shi, ya ishi aji, kuma idan aka adana shi a ruwan fomalin mai hana ruɓewa zai yi wa azuzuwan baya aiki. Wannan ita ce shawarar da iyaye za su iya kai wa makaranta cikin mutunci.

Akwai kuma darasin da ba a zubar da jini, kuma yanzu ne lokacinsa. A kududdufin da ruwan sama ya bari, ƙwan kwaɗon tudu yakan zo a dogon zare mai yauƙi da baƙaƙen ɗigo a jere. A ɗebi kaɗan a roba mai faɗi da ruwan kududdufin ko na sama, ba na famfo mai kulorin ba, a ajiye a inuwa, a rufe da gidan sauro don kada ya zama wurin hayayyafar sauro. Cikin 'yan kwanaki 'ya'yan za su fito da jela, suna numfashi a ruwa irin na kifi, kuma dafaffen alayyafo kaɗan ya ishe su abinci. Ƙafafun baya ne ke fara fitowa, sannan na gaba, dogon hanjin cin ganye ya gajarce ya zama na cin ƙwari. Sinadarin da ke jagorantar wannan sauyi daga wata halitta da ke wuya yake fitowa, wadda idan ta rasa aidin a jikin mutum take kumbura ta zama maƙoƙo, kuma tun 1912 aka nuna haka ta hanyar ciyar da 'ya'yan kwaɗi namanta. Jelar ba guntulewa take yi ba, jiki ne ke narkar da ita ya ci, shi ya sa a kwanakin ba sa neman abinci. Da zarar ƙafafun gaba sun fito, a rage ruwan a sa dutse a ciki, domin huhu ya fara karɓar aiki kuma za su iya nutsewa idan babu wurin hawa. Idan jelar ta ƙare, a mai da su bakin kududdufin da aka ɗebo su da yamma.